Roba da Wuta: Wane Sinadari Za a Zuba wa Folifurofilin?



Duk wanda ke kusa da bokitin roba ko kujerar roba, ya kifa ta ya duba gindinta. Sau da yawa za a ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba 5 a tsakiya, a ƙasanta an rubuta PP. Wannan ita ce folifurofilin. Da ita ake saƙa buhun taki da na shinkafa, da tabarmar roba, da igiya. Da ita ake zuba kwandon batirin mota da sassan jikin motar kanta. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, shi ya gano hanyar haɗa ta a 1954, zuwa 1957 ta shiga kasuwa. A Najeriya kamfanin Indorama na Eleme a jihar Ribas ya daɗe yana yin ta, matatar Dangote da ke Legas ma ta fara fitar da ita a 2025. Tsabarta ce ake kawowa a buhuna, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano su narka su zuba mana kayan da muke amfani da su kullum.

Roba ce mai kyau, ga sauƙin nauyi ga sauƙin kuɗi. Aibinta ɗaya ne, kuma babba: tana son wuta. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, ita kuwa wannan roba ko an rage oksijin zuwa kashi 18 za ta ci gaba da ci. Ma'ana, in ta kama ba ta mutuwa don kanta. Zafin da kilo ɗaya nata ke fitarwa ya yi kusa da na kilo ɗaya na fetur, ba mamaki, ai asalinsu ɗaya. Da zafi ya wuce digiri 160 ta fara narkewa, ta riƙa ɗiga, ɗigon yana ci da wuta, ya sauka kan katifa ko kwali ya kunna sabuwar gobara. Ba ta barin gawayi, ba ta barin toka, duk jikinta mai ne. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, sun san yadda kayan roba ke zama ruwan wuta a layin kasuwa.

Bokiti da kofi da robar zuba abinci ba sa buƙatar a sa musu komai, kuma bai ma kamata a sa ba. Amma akwai kayan da ke kwana da lantarki a cikinsu: akwatin haɗa wayoyi, gindin butar lantarki, murfin fanka, gidan batiri da na inbata da suka cika ɗakunanmu tun da sola ta yawaita. Waɗannan su ake cuɗa wa sinadarin daƙile wuta tun robar tana narke. Ku lura na ce daƙilewa. Babu sinadarin da zai mai da roba ƙarfe. Aikinsa shi ne idan waya ta yi tartsatsi ko soket ya yi zafi, ƙaramar wutar ta mutu a inda ta tashi, ko ta yi jinkirin da mutum zai farka ya fitar da 'ya'yansa.

Shekaru da dama, abin da aka fi dogara da shi sinadaran halojin ne. Halojin suna ne na wasu 'yan gida ɗaya: fulorin, kulorin, buromin da aidin. A wannan sana'a buromin ne jagora, ana haɗa shi da farin garin antimoni don ya ƙara masa ƙarfi. In an faɗi gaskiya, yana aiki sosai. Yana tashi tare da tururin robar ya shiga cikin harshen wutar, ya kame ƙananan ƙwayoyin da ke rura ta, sai ta shaƙe. Kuma ba ya ɓata ƙarfin roba ƙwarai. To me ya sa duniya ke neman rabuwa da shi?

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a jihar Mishigan ta Amurka a 1973, domin makiyaya za su fi kowa jin zafinsa. Wani kamfani yana yin kaya iri biyu: garin magniziyam da ake ƙara wa abincin shanu, da garin daƙile wuta mai buromin da ake kira PBB. Buhuna suka cakuɗe, aka kai na wutar wurin haɗa abincin dabbobi. Shanu suka daina cin abinci, nono ya ragu, kofatansu suka lalace, aka yi ta haifar maruƙa matattu. Sai da aka kusa shekara kafin a gano dalili. Daga ƙarshe an hallaka shanu kusan 30,000 da kaji kimanin miliyan 1.5 aka binne. Kafin nan mutane sun riga sun sha nonon sun ci naman, gwajin da aka yi daga baya ya nuna sinadarin a jikin mafi yawan mutanen jihar. Abin da ya tayar da hankalin masana shi ne ba ya fita. Yana maƙalewa a kitse ya zauna shekaru, uwa ta ba ɗanta ta hanyar shayarwa.

Danginsa da ake kira PBDE ma haka aka same su: suna fita daga jikin roba su shiga ƙurar ɗaki, su taru a jikin mutum da na kifi, suna taɓa aikin maƙoƙon wuya da bunƙasar ƙwaƙwalwar yara. Tarayyar Turai ta taƙaita su a kayan lantarki tun 2006. Yarjejeniyar Istokholm kan sinadarai masu daɗewa ba su ruɓe ba, wadda Najeriya da Nijar duk suna cikinta, ta sa nau'i biyu a jerin haramtattu a 2009, ta ƙara mafi shahararsu, mai suna deka, a 2017. Masana'antu da yawa sai suka koma wa wani ɗan'uwansa mai buromin da doka ba ta ambata ba, wanda shi ma yanzu hukumomin Turai da Kanada sun sa masa ido. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai batun hayaƙi. Robar da ke da halojin in gobara ta fi ƙarfinta, hayaƙinta baƙi ne wuluk, mai asid, yana ƙona ido da huhu, yana cinye ƙarfe da na'urori har a ɗakin da wuta ba ta shiga ba. A gobara kuwa, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Gobarar filin jirgin saman Dusuldof a Jamus a 1996 ta kashe mutum 17, kuma hayaƙi ne ya kashe su.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen rayuwar kayan a wajenmu. A wasu ƙasashe ana tattara irin wannan roba a ƙone ta a tanderu na musamman. Mu kuwa bola muke kai ta, a cinna mata wuta da yamma, ko 'yan gwangwan su ƙona wayoyi don su ciro jan ƙarfe, yaro yana tsaye a kai yana juyawa da sanda, iska na kai hayaƙin cikin unguwa. Irin wannan ƙuna ta fili ita ce ke haifar da gubar dayoksin. A Agbogbloshie ta birnin Akara, inda matasa da yawa daga arewacin Gana suka yi wannan aiki, binciken da aka fitar a 2019 ya sami wannan guba da yawan gaske a cikin ƙwan kajin da ke kiwo a wurin. Don haka zancen barin halojin ya fi shafar mu fiye da waɗanda suka fara shi.

To, mai masana'anta ya yarda zai bari. Me zai zuba?

Kafin ya tambayi farashi, sai ya san jarrabawar da kayansa za su ci. Wadda ta fi shahara ita ce UL 94. Ana zuba 'yar sandar roba mai tsawon milimita 125 da faɗin 13, a rataye ta a tsaye, a shimfiɗa auduga a ƙarƙashinta. A kanga mata wuta daƙiƙa 10 a janye, in ta mutu a sake kangawa daƙiƙa 10. In kowane karo ta mutu cikin daƙiƙa 10 kuma babu ɗigon da ya kunna audugar, ta sami V-0, mataki mafi girma a wannan gwaji. In ta kai har daƙiƙa 30 amma auduga ta tsira, V-1 ke nan. In ɗigo ya kunna auduga, V-2. Kayan lantarkin gida kuma akwai gwajin waya mai jan wuta, inda ake danna wa robar wayar da aka gasa zuwa digiri 650, ko 750, ko 850, har 960, tsawon daƙiƙa 30. Abin da ake yawan mantawa shi ne kauri. Robar da ta ci V-0 a kaurin milimita 3 tana iya faɗuwa warwas a milimita 1. Duk takardar da ta ce V-0 ba ta faɗi kauri ba, ba ta gaya maka komai ba.

Hanya ta farko ita ce garin ma'adinai masu ɗauke da ruwa a jikinsu. Akwai na alminiyam, akwai na magniziyam. In zafi ya taɓa su sai su tsotse zafin, su saki kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu a matsayin tururi, tururin ya tsinka iskar da wuta ke ci, su bar farar toka a saman robar. Hayaƙinsu kaɗan ne, ba su da guba, ba su da tsada. Na alminiyam ɗin, wanda 'yan kasuwa ke kira ATH, ya fi araha, amma yana fara sakin ruwansa tun wajen digiri 200, wato daidai zafin da ake sarrafa folifurofilin. In ka zuba shi, a cikin inji zai yi aikinsa, kayanka su fito da kumfa da zane-zane. Shi ya sa aka fi amfani da shi a robobin rufin waya masu narkewa a ƙaramin zafi. Wanda ya dace da robarmu shi ne magniziyam haidiroksaid, MDH, don ba ya motsi sai zafi ya haura digiri 300.

Matsalarsa yawa. Kafin ya kai ka V-0 sai ya zama kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na haɗin. Gari ya fi roba yawa ke nan. Kayan su yi nauyi, su yi gautsi, su ƙi gudu a mazubi. Tsurar folifurofilin in ka jefa ta a ruwa yawo take a sama, mai MDH kuwa nutsewa take. A nan ne masu lissafi da kilo ke yin asara. Kai da kilo kake saye, amma da ɗai-ɗai kake sayarwa, kuma mazubinka cika yake so. Haɗin da lita ɗaya tasa ta kusa kilo ɗaya da rabi zai ci maka kaya fiye da wanda litarsa ta ɗan haura kilo ɗaya. A yi lissafi da lita, sai a ga arahar ta ragu. Kuma in za a saya, a nemi wanda aka lulluɓe ƙwayoyinsa da abin da zai sa su kama jikin roba, in ba haka ba murfin da ya faɗi ƙasa sau ɗaya ya tsage. Ga kaya masu kauri da ba a damu da nauyinsu ba, da wuraren da ake gudun hayaƙi fiye da komai, MDH zaɓi ne mai kyau.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ita ta fi dacewa da yawancin kayan lantarkin da ake zubawa a mazubi, ita ce haɗin fosfaras da naitirojin mai kumbura. Na ce wannan roba ba ta yin gawayi. To wannan haɗin gawayin yake ƙirƙira mata. Abubuwa uku ne ke aiki tare. Na farko amoniyam folifosfet, ɗan'uwan takin zamani, wanda zafi ke mayarwa asid. Na biyu wani farin gari mai yawan kabon, fentayeritiritol, wanda asid ɗin ke ƙonawa ya zama baƙin kwalta mai danƙo. Na uku melamin, mai sakin iskar da ba ta cin wuta, ta hura kwaltar ta kumbura. In ka tsaya ka kalli gwajin, za ka ga bakin sandar ya yi baƙi, ya fara tafasa, ya tashi ya ninka kaurinsa, sannan ya daskare. A janye wuta, shi ke nan ta mutu. In ya huce ka matsa shi da yatsa, sai ya ruguje, cikinsa duk ƙananan ramuka, robar da ke ƙarƙashi kuwa ko launi ba ta sake ba. Kamar ƙanzo ne a gindin tukunya: shi ya ƙone, ya tsare tuwon da ke samansa. Kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ya isa a kai V-0, kayan ba su yi nauyi sosai ba, hayaƙi kuma kaɗan.

Amma yana da sharuɗɗa, kuma kowanne ya taɓa yadda muke aiki a nan.

Sanin kowa ne masu zuba roba suna ƙara fila, wato garin farar ƙasa, kalsiyam kabonet, don rage kuɗin tsaba. A kujera da bokiti wannan ba laifi ba ne in bai yi yawa ba. A haɗin mai kumbura kuwa ɓarna ce. Farar ƙasa tana kashe asid, asid ɗin nan kuwa shi ne tushen aikin gaba ɗaya. Mutum ya sayi sinadari mai tsada, ya zuba kashi 25, sannan mai kula da inji ya ƙara fila kamar yadda ya saba kullum, kaya su fito sumul, da kyan gani, amma in wuta ta zo ba abin da zai kumbura. Ba wanda zai gane da ido. Garin talk ma in ya yi yawa yana raunana ɓawon. Ina roƙon masu masana'anta: wannan magana ku kai ta har gaban wanda ke auna kaya yana zubawa a inji, don a hannunsa abin yake.

Sai zafin inji. Wannan haɗi ba ya son a wuce da shi digiri 220 ko kusa da haka, kuma ba ya son ya daɗe a cikin bututu mai zafi. Mu kuwa ana ɗauke mana wuta ana tsakar aiki. Kafin janareta ya tashi, robar na kwance tana dahuwa. In an dawo aka ji warin amoniya, ko aka ga launi ya sauya, ko wani abu fari yana taruwa a fuskar mazubi, sinadarin ya fara lalacewa. A zubar da abin da ke cikin bututun, kada a tura shi cikin kayan sayarwa.

Ruwa ma abokin gabarsa ne. Tsohon haɗin yana jan laima, a hankali ya tsattsafo waje, ka ga fuskar kaya ta yi fari-fari tana danƙo. Abin da za a kafa a waje ya sha damina, ko a banɗaki, yana buƙatar nau'in da aka lulluɓe ƙwayoyinsa, ko sabon haɗin fiferazin fairofosfet wanda ya fi jure ruwa. Akwai gwajin da ake jiƙa kaya kwana 7 a ruwa mai zafin digiri 70 sannan a sake ƙona su. A tambayi mai sayarwa ko kayansa sun ci shi. A kuma busar da tsabar kafin a zuba ta a inji, musamman daga Yuni zuwa Satumba.

Kaya marasa kauri irin su zare, leda, tamfol da ragar inuwa, lamarinsu daban ne, don babu naman da zai yi ɓawo. Akwai wani sinadari mai naitirojin, kamfanin BASF na sayar da shi da sunan Flamestab NOR 116, wanda ɗan kaɗan, wajen kashi 1 cikin 100, yake isa a irin waɗannan, ya kuma kare su daga cin rana, abin da ba ƙaramin amfani ba ne a ƙasarmu. A kaya masu kauri kuwa ba ya kai ko'ina shi kaɗai. Akwai garin girafait mai kumbura, amma baƙi ne. Akwai jan fosfaras, yana da ƙarfi, sai dai yana rina kaya kuma in ya haɗu da laima da zafi yana iya sakin iska mai guba, don haka ban ba ƙaramar masana'anta shawarar taɓa shi ba.

Yanzu ga rubutun da ke jikin buhu. In an ce babu halojin, a al'adar masu kayan lantarki ana nufin buromin bai kai kashi 900 cikin miliyan ba, kulorin ma haka, jimillarsu kuma ba ta kai 1,500 ba. Fulorin ba ya cikin wannan lissafi, alhali wasu haɗe-haɗen ana sa musu ɗan garin teflon don hana ɗiga, teflon kuwa akwai fulorin a jikinsa. Akwai kuma masu arahar da ake tallatawa da sunan masu kare muhalli, ana zuba kashi 1 ko 2 a sami V-2, waɗanda sau da yawa akwai ɗan buromin a ciki. Yadda suke aiki shi ne su sa robar ta yi saurin narkewa ta ɗige ta gudu daga wutar. A akwatin da ke manne a bango sama da gado, wannan ɗigo ba alheri ba ne. A nemi takardar gwaji daga ɗakin gwajin da ba na mai sayarwa ba, sannan a kai kayan da aka zuba a injin gida a gwada su, da launinsu da kaurinsu na gaskiya. Kuma rashin halojin ba ya nufin hayaƙin ya zama abin shaƙa. Duk robar da ke ci tana fitar da kabon monoksaid mai kisa.

Saura masu haɗa sabuwar tsaba da niƙaƙƙiyar tsohuwar roba. Sana'a ce mai amfani, tana ciyar da gidaje tana rage shara. Amma in bayan tsohuwar talabijin da na kwamfuta suka shiga injin niƙa tare da bokitai, buromin ɗin da aka haramta shekaru da suka wuce ya dawo ke nan, cikin kayan da aka rubuta wa babu halojin, ko mafi muni, cikin baƙin ludayi da kayan wasan yara. Bincike a ƙasashe da dama ya same shi a irin waɗannan kaya. Akwai na'urar hannu da ake kira XRF, ana ɗora bakinta a kan roba cikin 'yan daƙiƙu ta nuna ko akwai buromin. Masana'antu biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su mallaki ɗaya. Wanda ba shi da ita, ya ware robar kayan lantarki tun a wurin awo, kafin ta kai ga injin niƙa, kada ko kaɗan ta shiga abin da zai taɓa abinci ko bakin yaro.